In kunne ya ji, jiki ya tsira: mu koyi karatun alamun haɗari a Damargu



A ajin yaƙi da jahilci muna koyon baƙaƙe da lambobi. Kowane baƙi yana da sautinsa, kowace lamba tana da ƙimarta. To, akwai wani karatu da ba a cikin littafi yake ba. Yana kan hanyar mota, yana jikin kwalbar maganin ƙwari, yana cikin kukan jiniya, yana cikin hayaƙin da ke tashi daga daji. Shi ne karatun alamun gargaɗi. Wanda bai iya shi ba yana iya rasa dukiyarsa, ko ma ransa, alhali kuwa an faɗa masa. Bai dai gane ba ne.

Kakanninmu sun iya nasu

Ba yau aka fara gargaɗi da sauti a ƙasar nan ba. A zamanin da, ayarin raƙuma yana ratsa Damargu daga Agadas zuwa Damagaram da Kano. Inda dukiya ke wucewa, mahara ba su rasa biyowa. Shi ya sa mutane suka riƙa kewaye garuruwansu da kafi. Sunan Sabon Kafi ma shaida ne.

A lokacin, kowa ya san muryar ganga. Kiɗan biki daban, kiɗan gayya daban, kiɗan yaƙi daban. Wajen Buzaye kuwa tambari ne. Ba kowa ke da shi ba, sai shugaba, har ma sunan gangar ya zama sunan sarautar. In aka buga shi, ba mai tambaya ko wasa ake yi. Mata su tara yara, maza su fito, a koro dabbobi cikin gari.

Abu biyu ne suka ba wannan kiɗa ƙarfi. Na farko, kowa ya san ma'anarsa tun yana yaro. Na biyu, ba a buga shi a banza. Ku riƙe waɗannan biyun, domin alamun zamani ma da su suke aiki.

Yadda sauti ke tafiya

Sauti ba ya isowa nan take. Yana cin kamar mita 340 a cikin daƙiƙa ɗaya. Haske ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa kake ganin mai faskare daga nesa ya sauke gatari, sai daga baya ka ji sarar.

Wannan yana da amfani da damina. In ka ga walƙiya, fara ƙirga a hankali: ɗaya, biyu, uku, har ka ji tsawa. Duk uku da ka ƙirga, kilomita ɗaya ke nan tsakaninka da inda aradu ta faɗi. In ka kai tara, kilomita uku ne. In ƙirgan yana raguwa, hadarin yana matsowa gare ka. Muddin kana jin tsawa, kana cikin inda aradu ke iya kaiwa. Kada ka fake gindin itace guda tilo a fili. Kada ka tsaya bisa tudu. Ajiye hauya da kwashe, ka nemi ɗaki.

Iska kuma tana ɗaukar sauti, tana kuma hana shi. Wanda iska ke kaɗawa zuwa wajensa yana jin kururuwa daga nesa. Wanda ke ɗaya gefen ba ya jin kome. Saboda haka kada ka ce tunda ka yi ihu kowa ya ji. Aika yaro, ko mai babur, wajen waɗanda ke ta inda iska ke fitowa.

Hanyar kwalta

Hanyar da ta taso daga Zinder ta bi ta Bakin Birji da Sabon Kafi da Tanut ta nufi Agadas ba ta rabuwa da manyan motoci. Alamun da ke bakinta ba ado ba ne. A shekarar 1968 ƙasashe da yawa suka yi yarjejeniya a birnin Biyena domin alamun hanya su zama iri ɗaya, yadda direba zai gane su ko ba ya jin harshen ƙasar.

Siffar allon ita ke fara magana. Allo mai kusurwa uku da jan baki yana cewa: hattara, akwai haɗari gaba. Hoton da ke ciki shi ke faɗin irin haɗarin, ko kwana, ko dabbobi, ko yaran makaranta. Allo kewayayye mai jan baki yana cewa: an hana. In lamba 50 ce a ciki, kada mota ta wuce gudun kilomita 50 a awa. Jan allo mai kusurwa takwas kuwa yana cewa: tsaya cak.

In mota ta lalace a hanya, direba yana ajiye ɗan jan allo mai kusurwa uku a bayanta. Mu nan mun saba ganin an jera rassan itace ko duwatsu. Ba laifi, gargaɗi ne. Laifin shi ne a gyara mota a tafi a bar duwatsun. Da dare mai babur ya zo ya ci karo da su. Wanda ya sa alama shi ke da alhakin ɗauke ta.

Mai amalanke ma yana da nasa aiki. Jaki ba shi da fitila. In dare ya same ka a kan kwalta, ka ɗaura wani abu mai ƙyalli ko farin ƙyalle a bayan amalanken, ka riƙe tocila, ka bi gefe.

Jiniyar motar asibiti fa, me ya sa take hawa tana sauka? Domin kunnen mutum yana sabawa da ƙarar da ba ta canzawa, kamar ta injin niƙa, har ya manta da ita. Ƙarar da ke hawa da sauka ba ta barin kunne ya saba. In ka ji ta, kauce ka ba da hanya. Wataƙila mai naƙuda ce aka ɗauko daga ƙauye za a kai ta babban asibiti. Haka nan ƴar ƙarar nan mai tsinkewa, ƙit, ƙit, ƙit, da babbar mota ke yi. Tana nufin motar tana ja da baya, kuma direban ba ya ganin abin da ke bayansa. A janye yara.

Lambobin da ke jikin tankar mai

Nan ne nake so mu daɗe, domin abin ya shafe mu fiye da sauran jama'a.

A watan Nuwamba na shekarar 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a ƙasar Olelewa, cikin gundumar Tanut, kamar kilomita 50 arewa da Zinder. An gina ta domin tace ganga dubu 20 a rana. Tun daga lokacin, tankokin mai da na gas suna bi ta ƙofar gidajenmu.

Ku duba gaba ko bayan irin waɗannan motoci. Da yawansu suna ɗauke da wani ƙaramin allo mai launin ruwan goro, da lambobi a sama da ƙasa. Ga ku masu koyon lissafi, ga inda lamba ke ceton rai.

In ka ga 33 a sama, 1203 a ƙasa, man fetur ne, wanda muke kira isansi. Lamba 3 tana nufin ruwan da ke kama wuta. Da aka maimaita ta sau biyu, ana nufin yana kamawa da sauri ƙwarai. In ka ga 30 a sama, 1202 a ƙasa, gazuwal ne. In ka ga 23 a sama, 1965 a ƙasa, gas ne irin na girki. Kusa da allon akwai jan hoto mai kusurwa huɗu da harshen wuta a ciki. Ko wanda bai shiga aji ba ya san hoton wuta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba ruwan isansin ne ke fara kamawa ba. Tururinsa ne. Ba a ganinsa da ido. Ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, sai ya kwanta ƙasa yana malala kamar ruwa, yana bin gangare da ramuka. Mutum yana tsaye nesa da motar, yana ganin shi ba ruwansa, alhali tururin ya kai ƙafarsa. Ɗan tartsatsi ya isa. Karan taba, ko injin babur, ko bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta.

Ba tatsuniya ba ce. A daren 5 ga Mayu na 2019, wayewar 6 ga wata, wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai. Jama'a suka taru da jarkoki suna kwasa. Wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu a wannan dare, wasu kuma suka cika daga baya a asibiti. A watan Oktoba na 2024 irin haka ta faru a garin Majiya cikin jahar Jigawa ta Najeriya, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Yawancinsu ba ɓarayi ba ne. Talakawa ne irinmu da suka ga abin da suke tsammani arziki ne ya zube ƙasa.

Na san abin da wani zai ce: malam, litar mai kuɗi ce, ga shi yana zuba a banza. Gaskiya ne. Amma jarka ɗaya ba ta biyan ran magidanci. In tanka ta faɗi kusa da garinku, ga abin yi. Ku yi nisa, nisa sosai, ku bi ta inda iska ke fitowa, ku hau tudu kada ku bi kwari. Ku kashe wutar girki a gidajen da ke kusa. Kada a tada babur. Dattawa su tsaya su hana yara da samari zuwa. A sanar da jandarmomi. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18, ta ƴan sanda kuma 17.

Hanci ma yana karɓar gargaɗi. Gas ɗin girki asalinsa ba shi da wani wari mai ƙarfi. Da gangan ake zuba masa abin nan mai ɗoyi, domin in tukunyar tana yoyo a ji. Uwargida, in kin ji warin a ɗaki, kada ki ƙyasta ashana don ki duba. Ki rufe kan tukunyar, ki buɗe ƙofa da taga, ki fitar da ita waje inda iska ke kaɗawa. In ana son gane inda ke yoyo, ruwan sabulu ake shafawa, wurin zai yi kumfa.

Hayaƙi a daji

Shekarar da ruwa ya yi kyau, ciyawa ta cika daji tun daga Tarka har Tenhiya, ita ce shekarar da ake tsoron wuta. Daga watan Oktoba ciyawa ta bushe, iskar gabas ta taso. Garwashin shayi da aka tafi aka bari, ko guntun taba, ko wutar masu farautar gafiya, sai ta cinye abincin dabbobi na wata da watanni cikin yini guda. Makiyayi ya rasa ciyawa, ya gangaro kudu da wuri, ya tarar manomi bai gama kwashe hatsi ba. Daga nan rigima ta tashi. Ka ga wutar daji ba ta makiyayi kaɗai ba ce.

Alamarta ta farko hayaƙi ne da rana, jan haske a gefen sama da dare. Wani lokaci tsuntsaye ne za ka ga suna shawagi wuri guda, suna cin ƙwarin da wuta ta koro. Wutar da mutum goma za su kashe da rassa a farkonta, in ta yi awa biyu gari guda ba ya iya ta. Saboda haka wanda ya fara gani shi ne mai babban aiki. Kada ya ce ai wani zai faɗa.

Ma'aikatan gandun daji tare da jama'a suna share hanyoyin tare wuta, masu faɗin mita 15 zuwa 20, a gicciye da iska. Suna rage wa wuta gudu. Amma hanya ba ta kiran mutane. Kowane gari da kowace ruga ya kamata su zauna tun kaka su yanke: wane sauti ne namu na wuta? Ko ganga, ko bugun tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a itace, ko lasifikar masallaci. A zaɓi ɗaya. A faɗa wa mata da yara. Kada a yi amfani da shi wajen kiran taro ko rabon kaya. In aka buga shi sau biyu a banza, ran da aka buga na gaskiya kowa zai ci gaba da shan furarsa.

Yau salula ta shigo hannun mutane da yawa, ta fi doki sauri. Amma kiran da ba shi da bayani ɓata lokaci ne. In ka kira, faɗi abu huɗu: ko kai wane ne, wurin da abin yake da sunan rijiya ko tudun da kowa ya sani, abin da ka gani da idonka, da inda iska ta nufa. Saƙon murya da ake turowa daga waya zuwa waya kuwa, a yi hattara da shi. Wani hoton wutar bara ne, wani ma na wata ƙasa ne. Kafin ka tura, tambayi wanda ya aiko ma: kai ka gani, ko kai ma turo ma aka yi?

Launin fara

Dattawa ba su manta farar 1988 ba. Matasa ma sun ga ta 2004, wadda ta haɗu da ƙarancin ruwa ta jawo wahalar abinci ta 2005. Farar ɗango tana hayayyafa a arewa da mu, a Tamesna da ƙasar Abzin, da kuma dajin makiyaya. Damargu ita ce ƙofar da take fara bugawa in ta nufo gonaki.

Ita wannan fara da kanta take ba da gargaɗi, da launin jikinta. In tana zaman kaɗaici, ƴaƴanta kore ne, babbar kuma ruwan ƙasa, ba ta da wata ɓarna. In ruwa ya sauka a hamada, ciyawa ta fito, ta yi yawa har tana gogar juna, sai halinta ya sake. Ƴaƴan su koma baƙi da rawaya, su riƙa tafiya tare kamar runduna. In sun yi fiffike su zama ja-ja. In sun isa yin ƙwai su koma rawaya. Tana binne ƙwanta cikin rairayi mai laima, ya ƙyanƙyashe cikin kamar mako biyu. Ƴaƴan suna yin mako biyar zuwa shida suna tsalle kafin su tashi.

Waɗannan makonni su ne damarmu. Farar da ke tsalle a ƙasa ana iya kashe ta a wuri ɗan kaɗan. Wadda ta tashi tana iya cin kilomita 100 ko fiye a rana, kuma kowace ɗaya tana cin abinci daidai nauyin jikinta kullum. Bayan farar 2004, a shekarar 2007 gwamnati ta kafa cibiya ta musamman ta yaƙi da fara. Ma'aikatanta suna yawo daji suna dubawa. Amma daji yana da faɗi. Makiyayi da ke bin raƙumansa ya fi kowa ganin abin da ke ciki. In ka ga ƴaƴan fara baƙi da rawaya sun taru, kama kaɗan ka sa a kwalba ko ƙullin ƙyalle, ka riƙe sunan wurin da ranar, ka kai wa malamin gona ko mai gari.

In an zo feshi, sai a koma karatun kwalba. A gindin takardar da ke jikin maganin ƙwari akwai zane mai launi. Ja shi ne mafi haɗari, sau da yawa da hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Rawaya yana biye da shi. Shuɗi ya fi sauƙi, kore ya fi su duka sauƙi, amma ko kore ba abin sha ba ne. Jarkar da ta taɓa ɗaukar magani ba ta komawa ta ruwa ko ta nono, ko an wanke ta sau goma. Kuma mu masu son soyayyar fara, mu kiyaye: farar da aka tsinta a mace ko tana layi bayan feshi, guba ce. Kada a ci, kada a kai kasuwa, kada a ba kaji.

Gargaɗin da ba shi da ƙara

Yunwa ba ta busa ƙaho. Amma tana aiko manzanni tun da wuri. Tiyar hatsi ta hau tun kaka maimakon ta sauka. Kuɗin akuya ya faɗi domin kowa yana sayarwa. Rijiya ta ja baya kafin lokacinta. Samari su watse zuwa ci-rani tun ba a gama girbi ba. Mata su fara tonon gidan tururuwa.

Bayan yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984 zuwa 1985, hukuma ta ga cewa labari yana isa Yamai a makare. A shekarar 1989 aka kafa tsarin ba da gargaɗi da wuri. Daga baya aka sauko da shi har ƙauyuka, aka kakkafa kwamitocin mutanen gari masu lura da hatsi da dabbobi da lafiya da ruwa, suna aika labari zuwa hukumar ƙaramar gunduma, ita kuma ta aika sama.

Nan ne mai karatu yake da rana. Maganar baki tana canzawa a hanya. Abin da aka rubuta da kwanan wata ba ya canzawa. Wanda ya iya rubuta kuɗin tiya duk ranar kasuwar Tanut ko ta Belbeji ko ta Gangara, mako bayan mako, ya riƙe hujjar da ba mai musa ta. Sai dai a rubuta gaskiya. Garin da ya ƙara gishiri don a kawo masa taimako, in aka zo aka ga ba haka ba ne, ya yi wa kansa irin ta mai buga ganga a banza.

Aikin da za mu yi a aji

A zama na gaba, kowa ya zo da littafinsa. Malami zai zana allo mai kusurwa uku, da kewayayye, da lambobin 33 da 1203, kowa ya kwafa. A shafin ƙarshe kowa ya rubuta 17 da 18, sannan ya tambayo lambar mai gari, da ta gidan likita mafi kusa, da ta ma'aikacin gandun daji, da ta malamin gona, ya rubuta su da manyan lambobi yadda za a iya karantawa da hasken tocila. Wanda ya gama ya sake kwafa a wata takarda, ya kai wa maƙwabcinsa na ruga.